Kawu da Kuɗin da Ke Kwana Maraɗi

Allah ya jiƙan Kawu, yayan mahaifiyata, ya sa ya huta. Ya rasu da hantsin wata Talata bayan jinyar da ba ta cika mako ba. Ina Yamai wajen aiki, don haka ban samu jana'iza ba, sai ranar sadakar uku na iso Dakwaro. Tun daga bakin lungu na hangi raƙuma biyu a durƙushe gindin dogon yaro, ga amalanke, ga motoci masu ƙafa biyu an jera har ƙofar maƙwabta.

Na durƙusa na gai da maza a ƙofar gida. Aminin Kawu, wani tsohon dillalin shanu da suka taso tare, ya ɗago ya dube ni, idonsa ja.

"Ɗiyata, kin ga abin da kawunki ya yi mini? Ya tafi bai amsa ba cewa na fi shi sanin saniya. Yanzu da wa zan yi gardama?"

Kusa da shi akwai wani Buzu dattijo da ya taso daga wajen Tagiris. An ce tun da ya sauka magana ɗaya ya yi: "Mutumin taga ya tafi." Ya yi addu'a, ya sha shayi, ya ajiye wa gidan ƙullin cuku.

Na shiga cikin gida, sai na tarar mata suna dariya ƙasa-ƙasa. Wata tsohuwa daga ƙauyen Mai Yara ce ta zo da karnenta na banki, wato littafin ajiya, naɗe cikin leda, tana miƙa wa kowa ya ga rubutun hannun Kawu, tana ba da labarin yadda suka yi. Matar Kawu tana share hawaye tana dariya tare. Mahaifiyata ta ja ni gefe ta ce, "Ke ce mai rubutu gidan ga. Ki rubuta shi tun kowa bai ƙara nasa gishiri ba." Abin da nake yi ke nan, kuma ba zan rantse cewa ni ban ƙara nawa ba.

Kawu ya yi rayuwarsa ta aiki kusan duka a bayan taga ɗaya, a ƙaramin reshen bankin da ke garinmu. Shi ke karɓar ajiya, shi ke biya. An yi masa tayin ƙarin girma zuwa Maraɗi, ya ce ya gode, bai san kowa can ba, kuma kuɗin da bai san mai su ba tsoro suke ba shi.

Ba ya karɓar kuɗin mutum sai sun gaisa. Gaisuwar kuwa ta gaske ce: gida, yara, bisashe, ruwan rijiya, ƙafar da ta yi ciwo bara. Ya iya gaisuwa da Fulatanci, ya iya da Buzanci, ko da yake makiyayan suna cewa yadda yake karya harshen ne ke sa su dawowa, don su sake ji. Layi yakan yi tsawo har waje. Wani diraktan reshe da aka kawo daga birni ya taɓa yi masa magana a kan haka, Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, mutumin da ya kwana biyu bisa hanya da dukiyarsa cikin riga, in ban tambaye shi gajiya ba, mi zan tambaye shi?"

Yana shinshina kuɗi. Wannan ba ƙari ba ne, kowa ya sani. Ya ce na makiyaya hayaƙi da man shanu suke yi, na masu gyaɗa ƙanshin ƙuli, na ma'aikata kuwa ba su da wari ko kaɗan, saboda ba sa daɗewa hannun mai su. In takardar kuɗi ta zo a cukuikuye, sai ya shimfiɗa ta bisa tebur ya shafa da tafin hannu kamar mai lallashin yaro.

Labarin tsohuwar Mai Yara kuwa ga shi. Ita ce ke riƙe kuɗin ƙungiyar matan ƙauyensu, masu tuyar ƙuli da kiwon awaki. Bayan ta kawo ajiyar farko da wata ɗaya, sai ga ta a taga.

"Na zo in ga kuɗinmu."

"Za ki ɗauka ne, Iya?"

"A'a. Gani kawai zan yi."

Kawu bai yi dariya ba. Ya ƙirgo daidai abin da ke karnenta ya ajiye gabanta. Ta juya su, ta sake juyawa, ta ture.

"Waɗannan ba namu ba ne. Namu da jan zare na ɗaure su."

Kawu ya ce, "Iya, in kin ba Bafulatani tunkiya ya tafi da ita kiwo arewa, kullum kike ganinta?"

"A'a."

"Amma tana nan?"

"In mai amana ne."

"To naku ma sun tafi kiwo. Waɗannan 'yan'uwansu ne, ranar da kike so, da su za ki koma."

Ta ce ta yarda, amma wata mai zuwa za ta dawo ta duba. Ta dawo kuwa. Shekara da shekaru tana zuwa ganin kuɗi, shi kuma yana fito mata da su, ta taɓa, ta mayar, su yi hira ta tafi. Bai taɓa nuna mata cewa ta ɓata masa lokaci ba. Daga baya har jan zare ya saya ya ajiye cikin aljihun tebur, in ya hango ta a layi sai ya ɗaure kafin ta iso.

Daga wannan tagar yake karanta ƙasar. Yana da kalmomi biyu da na fara ji a bakinsa: ajiyar dariya da ajiyar kuka. In kuɗi suka yi ta shigowa bayan kaka, ko gab da babbar Salla lokacin da raguna ke tsada, wannan ajiyar dariya ce. In kuwa suka yi yawa cikin bazara, kafin ruwa ya sauka, sai ka ga ya dawo gida fuska a ɗaure. Ya san makiyaya ne ke sayar da bisashe da arha saboda ciyawa ta ƙare. Wata shekara irin wannan aka aiko wa reshen takardar yabo daga Yamai, wai ajiya ta ƙaru. Kawu ya karanta, ya ninke, ya sa ta ƙarƙashin ƙafar teburinsa da ke rawa.

Ni na yi karatun lissafin tattalin arziki, kuma ikon Allah, a bankin da ya yi wa aiki aka ɗauke ni, a babban biro, wato ofishinsu na Yamai. Lokacin ya riga ya ajiye aiki. Aikina shi ne in tattara jimillar ajiyar kowane reshe, in jera su, in ga wane gari kasuwar banki ke girma, ina take ja da baya, ina ya kamata a buɗe sabon reshe, ina ya kamata a rufe. Kawu ya yi alfahari da ni ƙwarai. Yakan ce wa mutane, "Ni taga ɗaya na gani, ɗiyata tana ganin tagogin ƙasar duka."

A kan wannan aikin muka yi faɗanmu guda ɗaya.

An ba ni in duba rassan jihar Maraɗi. Na jera jadawali, reshen Dakwaro ya faɗo can ƙasa. Ajiyarsa kaɗan ce, ba ta ƙaruwa, kuma kuɗin da ake fitarwa daga cikinsa sun fi waɗanda ake zubawa nesa ba kusa ba. Na rubuta rahoto na ce a rufe shi, a mayar da masu ajiyar Maraɗi. Raina bai so ba, amma na ga kamar wannan ce jarrabawata: kada a ce na rufe ido saboda garinmu ne. Na miƙa wa shef ɗinmu, shugaban sashenmu, ya yaba, ya ce za a kai gaban manya bayan Salla.

Na zo gida hutun Salla da tsarabar shadda. Da muka zauna tsakar gida bayan la'asar, na gaya wa Kawu, don gara ya ji a bakina. Ya saurara har na gama. Sannan ya tura shaddar gefe da yatsa ɗaya.

"To, Madam."

Bai taɓa kirana Madam ba. Matar Kawu da ke tankaɗe ta ɗauki rariyarta ta shige ɗaki.

Na ce, "Kawu, lissafi ba ya ƙarya."

"Ba ya ƙarya. Amma abin da kika tambaye shi kaɗai yake faɗa miki. Mi kika tambaye shi?"

"Nawa ke kwance a kowane reshe."

"Kin tambaye shi inda kuɗi ke kwana. Kin tambaye shi inda aka haife su?"

Na ce wannan magana ce ta zaure, biro ba ya aiki da karin magana. Na faɗi haka, kuma har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Ya tashi ya sa takalmansa ya tafi masallaci tun ba a kira salla ba. Kwana biyu in na gaishe shi sai ya ce, "Lafiya lau, Madam, ya Yamai?" alhali ina tsaye gabansa. Mahaifiyata ta ce mini, "Ke da kawunki kanku ɗaya, ni ba ni shiga."

Ranar kasuwa da safe sai ga shi ƙofar ɗakinmu da sandarsa.

"Sa mayafinki, ki ɗauko takarda. Za mu kara."

Ban taɓa shiga kara, kasuwar bisashe, ba duk da a garin aka haife ni. Ƙura, kukan shanu, dillalai suna tafa hannu, manyan motoci sun juyo baya ana loda bijimai. Amininsa dillali ya tarbe mu, ya ce, "Yau kuma mi ya kawo mai shinshinar kuɗi wurin masu aiki?" Kawu ya ce ya kawo ɗaliba ne, kuma a yi shiru.

Ya tsayar da wani babban falke da ke sayen shanu mota-mota.

"Alhaji, kuɗin da kake saye da su yau, ina ka ɗauko su?"

"Nan reshenku, jiya."

"In ka kai shanun kudu ka sayar, ina kake zuba kuɗin?"

"Maraɗi mana. Can mota ke sauke ni. Zan ɗauko buhun kuɗi in biyo hanyar Dakwaro da shi? Ina da hankali."

"Kai mutumin ina ne?"

Alhajin ya dube shi kamar ya zauce. "Kai da ka ci tuwon sunana kake tambayata?"

Kawu ya juyo ya ce mini, "Rubuta."

Haka muka yi ta bi. Na biyu, na uku, na huɗu, duk amsa ɗaya: gidansu Dakwaro, shanunsu na Dakwaro, a nan suke ɗaukar kuɗi su saya, a Maraɗi suke zubawa in sun sayar. Abin da na gani a jadawali na ɗauka rauni ne, wato yawan fitar da kuɗi, ashe shi ne shaidar cewa kasuwar tana raye. Reshen Maraɗi yana ta ƙiba da kuɗin da aka haifa a kan wannan ƙurar da nake tsaye.

Bai tsaya nan ba. Muka zauna rumfar mai fura har rana ta karkata. Sai a lokacin ne ciniki ya faɗa, makiyaya suka fara karɓar kuɗinsu. Kawu ya nuna mini agogonsa.

"Ƙarfe nawa?"

Na faɗa.

"Reshenku a buɗe yake?"

An rufe tun ɗazu. Na ga wani Bafulatani yana tura kuɗin bijimi biyu cikin jakar fata yana ɗaurewa a ƙugu. Kawu ya ce, "Wancan kafin gobe ya yi nisa cikin daji. Kin rubuta cewa ba ya son banki. Shi kuwa ƙofa ya tarar a kulle."

A hanyar komawa ya ƙara mini ɗaya. Ya ce karnen tsohuwar Mai Yara, a jadawalina mutum nawa ne? Na ce ɗaya. Ya ce in je ƙauyen in ƙirga matan da ke bayansa, in kuma tambaye su kuɗin mota zuwa Maraɗi da dawowa, in ga ko ribar ƙuli za ta biya.

Da muka iso gida na durƙusa na ce, "Kawu, na yi kuskure." Ya ce, "Tashi, ɗiyata, ƙura ta ɓata miki zane." Daga nan Madam ta mutu.

Abin da ya rage shi ne mai wuya. Rahotona yana kan teburin shef, an riga an yabe shi, kuma shi ne babban aikina na farko. Da na koma Yamai na nemi izinin sake duba bayanan, wannan karon bisa garin da mai ajiya ya rubuta a matsayin mazauninsa, ba bisa reshen da ya zuba kuɗin ba. Kwanaki na yi a kai. Da na gama, Dakwaro ta tashi daga ƙasan jadawali ta hau tsakiya, Maraɗi ta ɗan rame. Na ɗauki takardun biyu na shiga wurin shef, na ce na farkon ba daidai ba ne, kuma ni na yi kuskuren.

Ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Dakwaro ba garinku ba ne?"

Na ce garinmu ne, shi ya sa na kawo hanyar lissafin gaba ɗaya, ya ba wani ya maimaita. Ya ba wani kuwa, aka samu abu ɗaya. Na sha faɗa a kan gaggawa, kuma ƙarin girman da nake sa rai a shekarar bai zo ba. Amma ba a rufe reshen ba. An kuma ce ranar kasuwa a bar taga buɗe har yamma. Yanzu duk jadawalin da ya fito daga bironmu layi biyu yake da su, na inda kuɗi ke kwana da na inda masu su ke zaune.

Kada wani ya ɗauka Kawu ya karɓi nasarar nan da kawaici. Garin duka sai da ya ji. A masallaci, a tasha, a wurin suna, yana cewa, "Yamai ta zo ɗaukar karatu wurina, a kara na zaunar da ita." Shaddar da ya ture ya kai wa tela, ya sa ta ranar Juma'a, duk wanda ya yaba sai ya ce kuɗin makaranta ne aka biya shi.

Sai dai ni ma na ci shi sau ɗaya, kuma dole in rubuta. Ya dage cewa in dai ana so a yi adalci, a buɗe wa Birnin Lalle reshe. Na duba, na je da kaina, na tarar yawancin masu ƙananan kuɗi ta waya suke aikawa suna karɓa, kuma Dakwaro ba ta yi musu nisa ba. Na gaya masa. Ya ce mutum mai hankali ba ya zuba dukiyarsa cikin abin da caji ke ƙare masa. Muna cikin gardamar wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Matar Kawu ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, duba mana, ko kuɗin da ɗanka ya ce zai turo ne." Kawu ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya ce wannan daban ne, wannan na iyali ne. Da zan koma Yamai na tarar da ƙullin kilishi cikin jakata. Haka yake ba da haƙuri.

Bayan ya ajiye aiki bai cika shiga reshen ba. Ya ce tsohon liman ba ya tsayawa bayan sabo yana gyara masa karatu. Amma kwana kaɗan kafin ya kwanta ciwo, ya sayar da wani ragonsa, ya sa babbar riga, ya tafi da kuɗin. Mai gadi ya gane shi, ya so ya shigar da shi gaba, ya ƙi, ya bi layi da sandarsa. A tagar da ya tsufa a bayanta ya tarar da wata sabuwar ma'aikaciya da aka kawo daga wani gari, ba ta san shi ba. Ta gaishe shi, ta tambayi gida, sannan ta ce, "Baba, kawo katinka in gani." Mutanen layi suka fara gunaguni, wani ya ce ba ta san wanda ke gabanta ba. Kawu ya ɗaga musu hannu. Ya ciro katin ya miƙa da hannu biyu.

Da yammar nan ya kira ni a waya, muryarsa cike da murna.

"Ɗiyata, yarinyar nan ta tambaye ni kati. Ni. Kuma ta duba hoton ta dube ni kafin ta karɓi kuɗin. Reshen yana hannu nagari."

Na ce, "Ai da ka gaya mata ko kai wane ne, Kawu."

"Don mi? Ta yi daidai. Ke dai buɗe na'urarki ki duba. Na zuba kuɗin rago guda. Na ɗaga muku Dakwaro."

Na'urar tana gabana. Jimillar reshe muke gani, kuma a yadda muke rubuta ta, kuɗin rago ɗaya ba ya motsa ko lambar ƙarshe. Na dubi jadawalin, yana nan yadda yake da safe.

Na ce, "Na gani, Kawu. Ta hau."

Ya yi dariya har da tari, ya ce in gai da shef, in ce masa malaminsu yana gaishe shi. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe.

Allah ya yafe mini wannan ƙaryar guda, ya yafe wa Kawu kurakuransa, ya sa abin da ya aika gaba ya tarar da shi ya ninku. Allah ya ba matarsa da mahaifiyata da mu duka haƙurin rashinsa, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.